Koyawa yaran unguwa haɗa sola: inda aka kwana

7 ga Satumba, 2024

Kwamiti ya ɗora min rubuta abinda ake ciki lokaci-lokaci saboda 'yan uwan da suka saka kuɗinsu kuma basa gari, to bismillah.

Maganar ta taso ne bayan zanga-zangar yunwa ta 1 ga Agusta, kowa ya ga yadda ta kaya a Kano, an fasa wurare an kwashi kaya harda cibiyar hukumar sadarwa ta NCC da ko buɗe ta ba'a kai ga yi ba, aka saka dokar hana fita, kuma cikin yaran da aka kama akwai namu na nan Kurna waɗanda mun san iyayensu mun ci tuwon sunansu. Da ƙura ta lafa mai unguwa ya tara mu a ƙofar gidansa bayan isha'i yace shi fa ya gaji da zuwa beli, a nemo abinda za'a yi da yaran nan banda wa'azi, dan wa'azin sun sha shi.

An daɗe ana ja akan wace sana'a. Ɗinki dai layinmu kaɗai shagon tela ya fi a ƙirga kuma duk sai sallah ta matso suke ganin kuɗi. Walda tana son wuta, wutar babu, injin walda kuma dizal yake sha. Gyaran waya sana'a ce mai kyau amma duk wanda ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre ya san ta cika ta batse, yaro sabon hannu ba shago ba jari sai dai ya ƙare a tare kwastoma a bakin ƙofa. Daga ƙarshe aka tsaya akan sola, hujjar ma a fili take, tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 janareto ya zama na masu hali, a watan Afrilun bana kuma aka ɗaga kuɗin wutar 'yan Band A, rukunin da aka fi baiwa wuta, daga wajen naira 68 zuwa 225 duk yunit, yanzu mai POS sola yake nema, mai cajin waya sola, mai ƙanƙara, masallaci, burtsatse, kemis mai ajiye allura a firij, kowa.

Malami mun samu ɗan unguwa, tsohon mai wayarin ne da ya koma sola, kowa Oga yake ce masa nima haka zan dinga rubutawa. Aji kuma Islamiyyar bayan masallaci ta bamu aron ɗaki ɗaya Alhamis da Juma'a tunda ranakun ba'a karatu. Kuɗin da ke hannun ma'aji zai sayi fanel biyu, batir ɗaya, ƙaramar inbata mai juya wutar batir ta koma irin ta gida, da kwantirola mai daidaita cajin batir, da mita guda uku na gwaji. Oga yace bazai karɓi ko sisi ba sai dai a zuba masa mai a babur.

22 ga Satumba

An gama tantancewa. Mutum ashirin muka ce, waɗanda suka zo sun haura sittin, wasu iyaye ne suka riƙo hannunsu har zaure. Sharaɗin da aka kafa tun farko, kuma wallahi ya jawo mana gaba, shine duk wanda ya bada gudummawa ba'a ɗaukar ɗansa ko ƙaninsa. Wani Alhaji har cewa yayi a mayar masa da kuɗinsa, aka mayar masa.

Ba'a nemi takardar sakandare ba. Oga yace shi abu biyu yake so, yaro ya iya karanta lamba kuma ya iya sau da rabawa ko da a ka ne. Nan aka ga abin mamaki, akwai masu takardar gama sakandare a hannu da suka kasa 12 sau 200, sai ga wani yaro ɗan gwangwan, tsohon almajiri da bai taɓa zama ajin boko ba, kafin a rufe baki ya faɗi amsa, dan shi kullum cikin lissafin kilo yake da masu sikeli kuma in ya yi sake a cuce shi.

Sai maganar mata. Wata baiwar Allah bazawara ta aiko a kira ni, na tsaya daga soro, tace Malam su 'ya'ya mata ba 'yan unguwar bane, nace Hajiya ai aikin hawa rufin kwano ne, tace to duk aikin a saman kwano yake, wanda ke cikin ɗaki fa waye ke yi. Na kai maganar kwamiti, Oga ya ɗan yi jim sannan yace gaskiyarta, shi kansa sau da yawa sai ya jira maigida ya dawo daga kasuwa kafin ya shiga duba ruwan batir kawai, gidajen da ba'a shiga suna da yawa, mace kuwa sallama ɗaya ta shige. Ga gyaran fanka mai caji da fitilu da ba hawa ba sauka. An ɗauki mata huɗu cikin ashirin ɗin, da sharaɗin iyayensu sun zo da kansu sun amince a gaban liman.

5 ga Oktoba

Karatu ya kankama. Duk da Hausa ake yi, sunayen kaya ne kawai aka bari yadda ake kiransu a kasuwa dan kar yaro yaje shago ya kasa faɗin abinda yake so. Oga da tankin ruwa yake musu bayani, batir tanki ne, bolt ƙarfin turowar ruwan, amfiya yawan ruwan da ke wucewa, waya kuma bututu, ka matse ruwa mai yawa a siririn bututu ka san abinda zai biyo baya. Sun kama wannan nan take.

Inda aka daɗe shine lissafin kaya. Batir mai bolt 12 amfiya 200 in ka buga ya baka wat 2400 na awa ɗaya, amma irin na ruwa ba'a shanye shi tas, rabi ake ɗiba in ana so ya yi ƙarko, kenan 1200 ne naka, fanka mai cin wat 60 ita kaɗai zata yi awa ashirin a takarda, a zahiri bata kaiwa dan inbata ma tana cin nata. Oga yace duk mai haɗa sola da bai zauna ya ƙirga kayan gidan mutum ba kafin ya yanka masa kuɗi to ɗan caca ne. Sai haɗin siris da faralel, wanda ke ƙara bolt da wanda ke ƙara amfiya, wannan har yanzu rabinsu juya su suke yi. Ƙa'idar da ya sa suka haddace kaman karatun allo: batir ake fara jonawa kwantirola kafin fanel, in za'a kwance kuma fanel ake fara cirewa.

27 ga Oktoba

Yau kusan sati kenan Arewa na cikin duhu, tun 21 ga wata da babban layin wuta na Ugwuaji zuwa Apir ya faɗi, ga na Shiroro zuwa Kaduna dama an lalata shi. Wayar Oga bata hutawa, mutanen da suka shekara suna cewa sai an ga hali duk yanzu suke so a haɗa musu yau-yau. Ka ce wannan ne lokacin da aji zai cika. Ranar Alhamis mutum goma sha ɗaya suka zo, Juma'a tara.

A kwamiti nan da nan aka fara, ai dama yaran yanzu basa son wahala, an basu kyauta shi yasa suka raina. Ni da ma'aji muka ce bari dai mu bi gida-gida kafin a yanke musu hukunci. Abinda muka tarar ba lalaci bane ko kaɗan. Rashin wutar ya sa burtsatse sun tsaya, jarkar ruwa ta yi tsada, uku daga cikin yaran sun karɓi hayar kura suna ga-ruwa tun asuba. Ɗan gwangwan ɗin nan ya koma bola dan shi ke ciyar da mahaifiyarsa da ƙannensa, duk ranar da ya zauna a aji ranar ba'a ɗora tukunya a gidan. Biyu daga Rijiyar Lemo suke tahowa, litar mai ta haura dubu, kuɗin adaidaita zuwa da dawowa ya fi ƙarfinsu, sun yi ta takowa a ƙasa har suka gaji. Wani dattijo mahaifin ɗaya daga ciki, mai gadi ne, ya saurare mu tsaf sannan yace Malam Allah ya saka da alheri, sana'a kam babu abinda ya fi ta, amma wata shida kuka ce, to cikin wata shidan nan me za'a ci.

Ga inda gizo ke saƙar. Mu a wajenmu karatun kyauta ne tunda ba'a biyan ko kwabo, a wajen wanda yake hannu baka hannu ƙwarya kuwa kowace rana a aji kuɗi ce ya ajiye, kuɗin da zai samu da ya fita nema. Ɗan mai hali baya jin wannan, shi yasa in aka buɗe irin wannan shiri a ce na talakawa ne, ranar yaye sai kaga waɗanda suka kai ƙarshe duk masu ɗan abin hannu ne a gida.

An yi zazzafar muhawara daren jiya. Wani babanmu a kwamiti yace a zamaninsu yaro ne ke yiwa ubangidansa hidima shekara da shekaru, ba'a taɓa biyan mutum dan ya koyi abinda zai amfane shi ba. Nace Baba haka ne, amma yaron nan a gidan wa yake cin tuwon dare, wa ke ɗinka masa kayan sallah, in ya yi zazzaɓi wa ke sayen magani, ai ubangidan ne. Koyon sana'a na gargajiya da ciyarwarsa yake tafe, mu ne muka ɗauko koyarwar muka baro ciyarwar. Ko N-Power da gwamnati ta fara a 2016 ai dubu talatin take baiwa masu digiri duk wata, ta san ba'a zama haka. Mu bamu da wannan ƙarfin. Abinda aka tsayar: abincin rana duk ranar aji, da kuɗin mota a hannu kullum bayan an tashi, ba a tara sai ƙarshen wata ba. An fasa sayen batir na biyu dan a samu kuɗin.

16 ga Nuwamba

Sha bakwai sun dawo kuma sun zauna. Bazawarar nan ita ta karɓi girkin, garau-garau ran Alhamis, ɗan wake ran Juma'a, kuɗin cefane kawai take karɓa. Ɗan gwangwan an yi masa sassauci, yana fita nemansa da safe ya shigo ƙarfe sha ɗaya, abokansa su maimaita masa abinda ya wuce.

Uku sun tafi ba dawowa. Ɗaya ya bi motar shanu zuwa Legas, ɗaya ance yana wajen haƙar zinare, ɗaya daga cikin matan kuma an sa ranar bikinta dangin mijin sunce ta zauna.

14 ga Disamba

Aikin farko na gaske, masallacin unguwa, jama'a suka haɗa kuɗin kaya mu muka bada hannu. Amma kafin a hau rufi sai da Oga ya kwashe su zuwa Sabon Gari sayayya, yace rabin sana'ar nan a kasuwa take, wanda bai iya saye ba ko ya iya haɗi sunansa zai ɓaci. Na bi su dan in ga abinda ake kashe kuɗin jama'a akai, kuma gani ya kori ji. Akwai fanel da an manna masa takardar wat mai yawa a baya alhali girmansa ma bai kai ba, sai ya sa suka fito da shi rana suka ɗora mita suka kwatanta da abinda aka rubuta. Akwai waya da kana gani ja-wur kaman tagulla, ya kankare ta da wuƙa sai ga fari a ciki, alminiyom ce aka shafe, irinta ke zafi ta narke. Batir kuma yace su ɗaga su ji, dalma nauyi gare ta, in ka ji batir ɗari biyu sakayau to ko an rage masa ciki ko tsoho ne aka wanke aka sake masa kwali. Wani mai shago ya ji haushi yace Oga ka zo saye ne ko ka zo buɗe makaranta, Oga yace duka biyu ranka ya daɗe.

A rufin, fanel kudu yake kallo tunda mu arewa muke da tsakiyar duniya, Kano na kan digiri 12, sai a ɗan kishingiɗa shi kusan haka, kar a kwantar da shi shamal dan ƙura da ruwa su samu hanyar gangarowa. Ƙurar ma yanzu lokacinta ne, hunturu ya shigo, kwana kaɗan fanel ya yi fari fat caji ya ragu mutum ya ɗauka kayan ne suka lalace. An baiwa ladan aikin sa yaro ya goge da tsumma mai laushi da sassafe kafin gilashin ya ɗau zafi. Oga yace wannan ma kanta hanyar samu ce, ka bi gidajen da ka yiwa aiki duk sati biyu kana gogewa kana duba ruwan batir ana baka ɗan wani abu, kuma in za'a ƙara fanel kai za'a fara tunawa.

An ɗan tsorata da la'asar, wani yaro ya ajiye sifana akan batir ta haɗa kawunan biyu, tartsatsi ya tashi sifanar ta yi tabo, Allah ya kiyaye ba wanda ya ƙone. Oga bai yi faɗa ba, ya zaunar da kowa ya sa aka naɗe duk sifanun da salatif aka bar bakin kawai, yace zobe da agogon ƙarfe ma daga yau a aljihu. Matan su suka yi haɗin ciki gaba ɗaya, daga kwantirola zuwa inbata zuwa allon bireka, kuma a gaskiya nasu ya fi tsafta, wayoyin a jere ba a cukurkuɗe ba. Da magariba aka kira sallah da lasifika ba tare da an tada janareto ba.

19 ga Janairu, 2025

Wani ɗan siyasa ya aiko yaronsa, wai Honorabul ya ji labari yana so ya ɗauki nauyin bikin yaye, za'a raba wa kowane yaro akwatin kayan aiki a kafa rumfa a kira 'yan jarida. Mun yi godiya, muka ce in da hali a bamu kuɗin rumfar da kujerun mu ƙara a na abinci, kayan aikin kuma a kawo ba sai an yi taro ba. Yace zai isar. Shiru kake ji har yau.

Dama ko ya kawo ba rabawa za'a yi ba, an riga an tattauna wannan. Duk mun sha ganin rabon keken ɗinki da injin markaɗe, ana fitowa daga wajen taro dillalai na tsaye a bakin get suna saye rabin kuɗi. Ni bana zagin wanda ya sayar, mutumin da ya baro gida ba ko ƙwayar shinkafa aka miƙa masa abin dubu tamanin kuma bashi da kwastoma ko ɗaya, me kake so ya yi da shi. Kayan aiki sai da aiki suke da amfani. Tsarin da muka yi shine akwati uku na kowa da kowa, kowanne da mita, filaya, sukurdireba, abin matse kan waya da sifanu, diril ɗaya ne tak ana karɓa-karɓa, duk wanda ya samu aiki ya sa hannu a littafi ya ɗauka ya dawo da shi kafin isha'i. Sannan sun fara adashi a tsakaninsu, wanda ya kwasa mita zai fara saya tasa ta kansa.

Sai takarda. Satifiket ɗin da zamu buga da kanmu a shagon kwamfuta ba inda zai kai su, gara a faɗi gaskiya. Wanda ake ganewa shine tired tes (trade test), wato jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya, mai mataki uku, ana farawa daga na uku a hau zuwa na ɗaya, sai kuma jarrabawar fasaha ta NABTEB, ga kuma shaidar NEMSA, hukumar duba ingancin aikin lantarki, da ake nema wajen masu haɗa wuta in za'a shiga babban aiki. Hukumomin koyar da sana'a dama ba yau aka fara su ba, ITF tun 1971, NDE tun 1986, amma tambayi yaran nan ko ɗaya bai taɓa jin sunansu ba. Da muka fara haɗa takardu sai ga wata sabuwa, shida basu da NIN, wasu sunan da ke jikin NIN daban da na takardar firamare, asusun banki kuwa mutum huɗu ne kawai, saura in an tura musu kuɗi sai ta wajen mai POS. Wannan satin aikin da zan bi kenan.

22 ga Fabrairu

An rufe zaman aji, an raba su wajen ogogi huɗu, dan abinda ya rage ba'a koyonsa a allo. Samun ogogin ya fi duk abinda muka yi a baya wuya. Ɗaya ya faɗa min ƙiri-ƙiri, Malam in na ɗauki yaro na shiga da shi gidan mutane waya ta ɓata ko ya yanki kebul ya kai gwangwan sunana ne ya tafi, in kuma ya yi hankali wata uku ya karɓi lambar kwastomana ya dinga yi musu a rabin kuɗi, ta ina na ci. Maganarsa ba ƙarya. Abinda ya warware shine mai unguwa, Allah ya ƙara masa lafiya, ya kira su ɗaya bayan ɗaya yace shi ne ya tsaya wa kowane yaro, abu ya ɓata a zo wajensa. Aka kuma rubuta yarjejeniya, oga zai sallami yaro duk ranar da aka fita aiki, yaro kuma bazai taɓa kwastoman oga ba sai da izininsa har shekara guda.

Talaka abinda ya rasa kenan bayan kuɗi, wanda zai ce na san shi, na tsaya masa.

Mun janye yaro ɗaya daga wajen wani ogan, sati uku ba abinda yake sai wankin mota da sayo abinci da kai yara makaranta, ko tsani bai taɓa riƙewa ba. An mayar da shi wajen Oga namu duk da ya yi masa yawa.

15 ga Maris

Azumi ya raba, zafi ya fara, aiki ya yi yawa har ana ture wani. Kowa firiza yake so ta yi ƙanƙara kafin shan ruwa. Rufi baya hawuwa da rana, daga an sallame asuba suke fita su sauko kafin sha ɗaya, haɗin ciki sai bayan tarawi. Matan uku sun fi kowa samu a watan nan, fanka mai caji ake ta kawo musu har gida, yawanci batirin ciki ne ya mutu ko wajen cajin ya ƙone, su canza a basu na hannu. Ɗaya tace ita ta yiwa ƙannenta ɗinkin sallah bana.

12 ga Afrilu

An kawo ƙara gaban mai unguwa. Ɗaya daga cikin yaran, kuma cikin masu ƙoƙarin ne, ya karɓi aiki shi kaɗai a ɓoye wajen wani mai shagon lemo, mutumin yace ga abinda yake da shi a haɗa masa wadda zata ɗauki firiza biyu, yaro ya san kuɗin bazai kai ba amma ya kasa cewa a'a dan bai taɓa riƙe kuɗi irin wannan ba, ya sayo ƙaramar inbata da siririyar waya ya haɗa. Firiza kuwa lokacin da kwamfiresa zata tashi tana fizgar ninkin abinda take ci, kwana biyu inbata ta ƙone. Mai shago yace sai an kai shi caji ofis.

An yi sulhu. Oga ya gyara haɗin, kuɗin inbata an raba uku, yaron zai biya kashi ɗaya a hankali daga sallamarsa, asusu ya ɗau ɗaya, mai shagon ma ya ɗau ɗaya dan an tabbatar an faɗa masa kuɗin sun yi kaɗan yace a dai yi maneji. Wasu sun so a kore shi ya zama izina, ni ban goyi baya ba kuma na faɗa, lissafi bai gagare shi ba, abinda ya gagare shi shine kallon babba a ido yace Alhaji wannan kuɗin firiza ɗaya zasu ɗauka, kuma wannan sai wanda ya ƙoshi yake iya faɗa cikin sauƙi. Yanzu doka ce duk aikin da ya wuce fanka da ƙwan fitila sai an kawo lissafin a takarda Oga ya duba.

Wani abin da ya taso, kasuwa na komawa batirin litiyom da inbata mai haɗe da kwantirola a ciki, ba ruwan da za'a duba amma akwai saiti, kuma saitin duk da Turanci yake a ɗan allon, ka zaɓi nau'in batir ba daidai ba ka kashe kayan miliyan. Wani malamin sakandare a kwamiti ya ɗau nauyin zama da su daren Laraba suna bin littafin inbata shafi-shafi. Ga kuma maganar da wani minista ya yi a ƙarshen Maris cewa gwamnati na shirin hana shigo da fanel daga waje, 'yan kasuwa har sun fara riƙe kaya.

8 ga Yuni

Barkanmu da sallah. Gobarar da ta tashi a Farm Centre ranar Juma'a, ranar idi, ta taɓa mutanenmu da dama, Allah ya mayar musu da alheri. Jiya da yaran suka zo gaisuwar sallah Oga bai bari sun tashi haka ba, ya sake jaddada musu fiyus ko bireka tsakanin batir da inbata ba ado bane, kuma na DC, wato wutar batir da fanel, daban na wutar gida daban kar a musanya, sannan batirin ruwa baya son ɗaki a rufe ruf. Kwastoma zai ce a cire dan a rage kuɗi, yace in ya dage ku tattara kayanku ku bar masa aikin.

Iskar farkon damina ta ɗaga fanel a gidaje biyu a layin bayanmu, ba aikinmu bane, amma an tura yara huɗu sun zagaya duk inda muka taɓa haɗawa sun ƙara ɗaure noti sun toshe hujin kwano.

5 ga Yuli

Lissafin da aka gabatar a zaman jiya. Cikin sha bakwai, tara suna fita aiki kusan kullum da ogoginsu ana sallamarsu, matan uku suna gyara a gida kuma suna zagayen duba batir a gidaje, biyu wani mai haƙar burtsatse ya ɗauke su suna haɗa masa sumo, injin turo ruwa, mai sola a ƙauyukan Dawakin Tofa da Bichi, uku kuma sai a hankali, suna zuwa yau gobe babu. Ɗan gwangwan ya sayi mitarsa da filayarsa daga adashi, bai daina gwangwan ɗin gaba ɗaya ba, yace sai ya ga damina ta wuce tukuna dan aiki ya ɗan ja baya yanzu da zafi ya sauka. NIN saura mutum ɗaya. Tired tes an tara kuɗin mutum bakwai, sauran sai wata mai zuwa.

Sabon shirin koyar da sana'a na TVET da Ma'aikatar Ilimi ta tarayya ta buɗe bana ance harda alawus duk wata ga mai koyo, mun cike wa yara goma sha biyu daga cikin waɗanda basu samu shiga namu ba, da wayar sakataren masallaci aka yi dan yawancinsu basu da babbar waya. Muna jira mu gani.

Zagaye na biyu an sa shi bayan kaka. Wannan karon ma'aji ya fara da lissafin abinci da kuɗin mota na wata shida kafin a zo kan kaya, kuma da abinda ke asusu yanzu mutum goma sha biyu kawai zai ɗauka, sunayen da ke hannun mai unguwa kuwa sun kusa ɗari. Biyu daga cikin 'yan zagayen farko zasu taimaka wa Oga a aji ana basu na mota. Har yanzu tsani aro muke yi wajen mai fenti, kuma babu bel ɗin ɗaurewa ko ɗaya, yaran haka suke hawa bene. Zama na gaba Alhamis bayan isha'i a ƙofar gidan mai unguwa, maganar tsanin da bel ita ce ta farko.